Fakin mai sauƙin kuɗi kusa da gidan tarihi a tsakiyar birni, dan Allah ya kuke yi?

Maman_Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wurin masu tuƙi a manyan birane. Ina so in kai yarana uku da mahaifiyata gidan tarihi a hutun nan, irin manyan nan da suke can tsakiyar birni, kuma gaskiya abin da ke damuna ba kuɗin shiga ba ne, inda zan ajiye motar ne. Na lura duk birnin da mutum ya je matsalar ɗaya ce, gidan tarihin yana cikin tsohon gari inda tituna suke a matse babu fili ko kaɗan, garejin da ke kusa da ƙofa kuma kuɗin awa ɗaya kawai ya isa ya sa mutum ya fasa zuwan, balle a ce yini za a yi.

Da ni kaɗai ce da ban ma tambaya ba, sai in ajiye motar a nesa in taka. Amma Mama tana da ciwon gwiwa, tana iya tafiya amma ba mai nisa ba, kuma cikin gidan tarihin ma tafiya za ta sha, shi ya sa ba na so ƙarfinta ya ƙare a titi tun kafin mu shiga. Ga ƙaramar tawa har yanzu a keken jarirai take. Kuma wallahi ina so ta je, ta daɗe tana maganar tana son ganin irin kayan nan da idonta ba a talabijin ba.

To wanne ya fi, fakin ɗin bakin titi mai mita ko gareji? Ranar aiki ta fi sauƙi ko ƙarshen mako? Sannan manhajojin nan da ake biyan kuɗin wuri tun daga gida, da gaske suna rage kuɗi ko kuwa talla ce kawai? Duk wanda ya san kan abin ya taimaka min, na gode.

Tsohon_Direba ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Kafin komai ki fara tambayar kanki awa nawa za ku yi a ciki, domin amsar duk tana nan. Mutane suna shiga da niyyar awa ɗaya da rabi, amma da yara uku da dattijuwa ki sa a ranki awa huɗu ne ko fiye, ga layin shiga, ga binciken jaka a ƙofa, ga banɗaki, ga zama a huta, ga shagon tsaraba da yara ba za su yarda a wuce shi ba. To fakin ɗin bakin titi ba don irin wannan zaman aka yi shi ba. A tsakiyar birni yawanci akwai iyaka, awa ɗaya ko biyu, wani wurin huɗu, kuma a wurare da dama ko kin fito kin ƙara kuɗi ba a yarda ba, dole sai kin ɗauke motar daga wurin. Kina tsakiyar kallo hankalinki na kan agogo, ina daɗin ziyarar? Idan kuma kika makara aka manna miki takardar tara a gilashi, tarar kaɗai ta fi kuɗin gareji na yini guda nesa ba kusa ba. Ni dai a wurina in zaman ya wuce awa biyu to gareji, babu wata tantama.

Amma ba garejin da ke jikin gidan tarihin ba. Wannan na baƙi ne da ba su san gari ba, masu shi sun san duk wanda ya zo ya gaji da neman wuri zai shiga ko nawa ne. Ki buɗe taswira a waya ki duba garejin da ke da nisan tafiyar minti 10, wato wajen mita 700 zuwa 800 ke nan ga mai tafiya a natse, za ki ga farashi ya fara sauka sosai, wani lokacin tsallaka babban titi ɗaya ko gada ɗaya ne kawai tsakanin mai tsada da mai sauƙi, saboda an shiga wani yankin farashi daban.

Maganar Mama kuma ai ba dole ba ne ta yi tafiyar nan. Ki fara kai su ƙofa ki sauke ta da babban yaron da keken jaririyar, kusan kowane babban gidan tarihi yana da inda tasi da motocin 'yan yawon buɗe ido suke sauke mutane, su shiga su zauna a farfajiya, ke ki je ki ajiye mota ki dawo a ƙafa. In an gama ki je ki ɗauko ta ki zo ki kwashe su. Wahalar ta zama taki ke kaɗai ta minti 20, kuɗin kuma ya zauna a jakarki. Sai dai fa wurin sauke mutum ba wurin jira ba ne, kar ki kashe mota ki raka su ciki.

Sai allon farashi. Babbar lambar da suke rubutawa a bakin ƙofar gareji sau da yawa ba kuɗin awa ba ce, kuɗin minti 20 ko rabin awar farko ce, ainihin lissafin yana ƙasa da ƙananan haruffa. Abin da za ki nema shi ne kuɗin yini, wato iyakar da in an kai ta kuɗin ba ya ƙara hawa. Gareji biyu za su iya zama kuɗinsu na awa iri ɗaya ne, amma ɗaya yana da wannan iyakar ɗayan babu, mai zaman awa biyar zai ga bambancin a aljihunsa. Wasu kuma in kika shige awa da minti ɗaya tak sai su caje ki cikakkiyar awa ta gaba.

Ranar aiki ko ƙarshen mako, wannan ya danganta da unguwar da garejin yake. Garejin da ke tsakanin ofisoshi da bankuna cike yake Litinin zuwa Juma'a, amma ranar hutu wayam, sai su karya farashi su yi kuɗi ɗaya na yini gaba ɗaya. Wanda ke jikin manyan shaguna kuma akasin haka ne, ranar hutu yake cika. In ranar aiki za ki je, wasu garejin ma'aikata suna da rangwamen sammako, wanda ya shigo kafin 9 ko 10 na safe ya biya kuɗi ɗaya, amma ki karanta sharaɗin fita, wani sai ya ce ba za ki fita kafin yamma ba in ba haka ba rangwamen ya tashi. Kuma ki duba ko akwai wasan ƙwallo ko wani babban taro a kusa ranar, in akwai to duk farashin da kika gani a intanet ki manta da shi.

Mai_Yawon_Duniya ta rubuta:

Baba Direba ya faɗi gaskiya amma ni 'yar uwa shawarata kar ma ki shiga tsakiyar birnin da motar in akwai hali. Manyan gidajen tarihi da yawa fa ba su da wurin fakin na jama'a kwata-kwata, kuma ba mantuwa suka yi ba, an gina su ne tun kafin mota ta cika gari. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan tun 1759 aka buɗe shi, shiga kyauta ne, amma babu inda za ki ajiye mota sai 'yan gurabe na masu buƙata ta musamman. Gidajen tarihin Smithsonian da ke jere a tsakiyar Washinton su ma kyauta ne, su ma abin da suke gaya wa mutane ke nan ku zo a jirgin ƙasa, har tasha akwai mai sunansu a wurin. Na Alƙahira da ke dandalin Tahrir tun 1902 yake nan, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Sadat tana dab da shi. Wato ginin da kansa yana gaya miki ba da mota ake zuwa ba.

Abin da nake yi shi ne in nemi filin fakin na gefen gari wanda ke haɗe da bas ko jirgi, a Turai za ki ga alamarsa P+R a kan shuɗin allo tun kina kan babbar hanya. Ki ajiye mota a can da kuɗi kaɗan, wani wurin ma kyauta, ki hau bas ya kai ki har tsakiya, kuma bas ɗin yana da layinsa daban a titi yana wuce motocin da suka maƙale a gosulo. Birnin Oxford a Ingila tun 1973 suke wannan tsarin har yau. A Amsterdam ma akwai, sai dai nasu yana da sharaɗi wanda baƙi da yawa ba su sani ba, sauƙin kuɗin ba ya samuwa sai in da gaske kin shiga tsakiyar gari da bas ko jirgi kuma tikitinki ya nuna haka, in kika ajiye mota kika tafi a ƙafa ko wani ya zo ya ɗauke ki to cikakken kuɗi za ki biya, kuma a ranakun aiki wanda ya shigo bayan ƙarfe 10 na safe ya fi samun sauƙi a kan mai sammako. Kin ga akasin abin da Baba ya faɗa kan garejin ma'aikata, shi ya sa kowane gari sai an karanta nasa.

Ni abin da ya sa nake son haka ba kuɗin kaɗai ba ne. Tuƙi a tsakiyar birnin da ba ki saba da shi ba da yara a baya suna surutu, tituna masu hanya ɗaya, ga masu keke ta ko'ina, ga layin bas da in kika taka shi kyamara ta ɗauke ki, mutum yana isa gidan tarihin ransa ya riga ya ɓaci. Yara kuma hawa jirgin ma a wurinsu wani yawo ne.

Oh kuma ki duba ranar da suke rufewa kafin ki sa rana, da yawa Litinin ba sa buɗewa, Louvre na Paris kuma Talata ne.

Maman_Uku ta rubuta:

Na gode sosai Baba, na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Maganar sauke su a ƙofa ta kwanta min, babban nawa ya isa ya zauna da kakarsa. Jirgin ne nake ɗan tsoro saboda matakala, in tashar ba ta da lifta Mama ba za ta iya ba, ga keken jaririya.

Amma akwai abin da yake ci min rai, me ya sa ne wai sai an tsawwala haka? Gidan tarihi na kowa da kowa ne, an ce a kawo yara su ga tarihi, wani ma an ce shiga kyauta, sannan a tare mutum a bakin titi da kuɗin da talaka ba zai iya ba. Ni sai nake ganin kamar ba a so mu zo ne. Sannan na ji ana cewa wasu biranen shiga tsakiyarsu da mota ma kawai sai ka biya ko ba ka tsaya ba, wannan kuma ya abin yake?

Injiniya_Sufuri ya rubuta:

Hajiya na fahimci ɓacin ranki, kuma gaskiya ne nauyin ya fi faɗawa kan mai iyali da mai kula da tsoho. Amma bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake daga ɓangaren masu tsara birni, domin in kika gane dalilin za ki san inda sauƙin yake ɓoye.

Mitar fakin ta farko a duniya an kafa ta ne a birnin Oklahoma na Amurka a 1935, kuma dalilin shi ne ma'aikata suna zuwa da safe su cika bakin titi su bar motocinsu har yamma, masu shaguna kuma abokan cinikinsu ba sa samun inda za su tsaya. Wato tun asali an sa kuɗin ne don motoci su riƙa tashi wasu na shigowa. Mota ɗaya a gareji, in aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, tana cin wajen murabba'in mita 25 zuwa 30, a wurin da ƙasa ta fi tsada a duk garin, in kuma ƙarƙashin ƙasa aka haƙa to kuɗin ginin ya ninka. An yi wani farfesa a jami'ar UCLA ta Amurka, marigayi Donald Shoup, wanda ya yi rayuwarsa yana nazarin wannan abu, shawararsa da ta shahara ita ce a sa farashin bakin titi daidai yadda kashi 85 cikin 100 na guraben za su cika, saura kuma su zauna babu kowa, yadda duk wanda ya zo zai tarar da gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi. In aka bar shi kyauta ko da araha sosai ba ke za ki samu ba, wanda ya zo tun asuba ne zai samu, ke kuma ki yi ta zagaye kina ƙona mai kina ƙara cunkoso. San Francisco sun gwada irin wannan tsarin daga 2011, farashi yana hawa a layin da ya cika yana sauka a layin da babu mutane. Amfanin wannan a gare ki shi ne duk inda kika ga tsada to alama ce mutane sun yi yawa a wurin a wannan lokacin, ki matsa gaba kaɗan ko ki canja lokaci.

Tambayarki ta biyu ita ce mafi muhimmanci a duk zancen nan, domin nan ne mutane suke asarar kuɗi mai yawa ba a gareji ba. E, akwai biranen da shiga tsakiyarsu ma kuɗi ne. Singafo ce ta fara a 1975, Landan ta fara nata a watan Fabrairun 2003, Stockholm ta tabbatar da nata a 2007, Milan a 2012, New York kuma ta fara a watan Janairun 2025 ga masu shiga yankin Manhattan daga titi na 60 zuwa kudu. Babu shinge babu mai tsayar da ke, kyamara ce take karanta lambar mota, a wurare irin su Landan ke ce za ki je ki biya a intanet, in ba ki biya ba tara ta biyo ki gida. Kuma abin lura shi ne iyakar yankin, a Landan Gidan Tarihin Birtaniya yana ciki, amma gidajen tarihin da ke South Kensington, na kimiyya da na halittu, suna waje. A New York ma gidan tarihin Metropolitan yana wajen iyakar, na MoMA kuma yana ciki. Saboda haka garejin da ke wajen iyakar da 'yar tafiya kaɗan ya cece ki daga kuɗi biyu ke nan lokaci guda.

Na Italiya ya fi haɗari ga baƙo. A Florence da Rum da sauran tsoffin biranensu akwai yankin da ake kira ZTL, alamarsa farin da'ira mai jan baki, a lokutan da yake aiki ba biya ake a shiga ba, an hana ne gaba ɗaya sai mai izini, kuma manyan gidajen tarihin kamar Uffizi na Florence a ciki suke. Taswirar waya tana iya bi da ke ta ciki ba ruwanta. Duk shiga ɗaya tara ɗaya, in motar haya ce sai bayan watanni takarda ta iso, kamfanin hayar ma ya ɗora nasa kuɗin. A can launin layin da aka shafa a ƙasa ma magana ce, shuɗi na biya ne, fari yawanci kyauta amma a wasu biranen kamar Florence na mazauna unguwa ne, rawaya an keɓe shi kar ki kusance shi. A Jamus da Faransa kuma wasu biranen sai motarki tana da sitikar hayaƙi a gilashi kafin ki shiga tsakiya, sannan a Jamus akwai wuraren da fakin kyauta ne na ɗan lokaci amma dole ki ajiye wani shuɗin faifai mai kamar agogo a gaban mota da ke nuna lokacin da kika iso, in babu shi tara ce ko da minti biyar kika yi. Paris kuma tun watan Oktoban 2024 manyan motoci masu nauyi na baƙi suna biyan ninki uku a bakin titi, bayan ƙuri'ar da mazauna birnin suka kaɗa a farkon shekarar, to mai zuwa da babbar motar iyali ya san da wannan.

Duk wannan yana rubuce a shafin hukumar birnin da za ki je, ki karanta shi a daren da za ki tafi, ba ki dogara da abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce ba, dokokin nan suna canjawa da sauri.

Tsohon_Direba ya rubuta:

Injiniya ya kawo abin da na tsallake, maganar kyamara, wannan gaskiya ne ƙwarai.

Amma 'yata Mai Yawo ban yarda da ke ɗari bisa ɗari ba. Ajiye mota a gefen gari yana da kyau ga mutum ɗaya ko biyu masu ƙafa lafiya. Su fa biyar ne. Ki lissafa tikitin zuwa da dawowa na manya biyu da yaran da suka isa biya, ki haɗa da kuɗin filin, a wasu garuruwan zai kamo kuɗin gareji ko ya wuce shi, sai in garin yana da tikitin iyali ko yara kyauta suke hawa, wannan kam sai a duba. Kuɗin gareji na mota ne ba na kai ba, ko mutum bakwai ne a ciki kuɗi ɗaya ne. Sannan dattijuwa mai ciwon gwiwa bayan ta yi awa huɗu a tsaye a ce ta je ta jira bas da yamma lokacin da ma'aikata suka taso, ko kujera ba lallai ta samu ba. Araha ba ta ado. Hajiya ki yi lissafin biyun a takarda, in bambancin kaɗan ne ki zaɓi wanda Mama za ta huta.

Mai_Yawon_Duniya ta rubuta:

Haka ne Baba, in tashar babu lifta ma zancen ya ƙare. Amma dai ta duba, shafukan kamfanonin jirgi suna nuna tashoshin da babu matakala, bas na zamani kuma ƙasansa a kusa yake ana shiga da keken jarirai ba sai an naɗe ba.

Anti_Nas ta rubuta:

Sannu Maman Uku, ni ta ɓangaren Mama zan yi magana don aikina kula da tsofaffi ne. Dan Allah ki kira gidan tarihin a waya ko ki tura musu imel kwana biyu ko uku kafin ranar, ki ce za ki zo da dattijuwa mai matsalar tafiya. Mutane ba sa yin wannan kuma wallahi suna cutar kansu. Yawancin manyan gidajen tarihi suna ba da aron keken guragu kyauta, wasu har da 'yar kujerar naɗewa da mutum zai riƙa zama a gaban abin da yake kallo, kuma sau da yawa akwai wata ƙofa daban marar matakala wadda mota take iya zuwa dab da ita, layin ma babu tsawo. Su ne za su gaya miki daidai inda za ki sauke ta. Na san iyayenmu, za ta ce ita ba gurguwa ba ce ba za ta hau keke ba, ki lallaɓa ta ki ce na hutawa ne in ta gaji, ki tura shi babu kowa tana dafa shi tana tafiya, zuwa awa ta biyu da kanta za ta zauna.

Ki tambaye su kuma ko suna da yarjejeniya da wani gareji a kusa. Wasu in kika nuna tikitin garejin a teburin karɓar baƙi sai su buga masa hatimi ko su ba ki wata lamba a rage miki kuɗi, amma ba sa tallata shi sai wanda ya tambaya, kuma dole ki shigo da tikitin a jakarki, in kika bar shi a mota shi ke nan.

In ƙasar da kuke tana ba da katin fakin na masu buƙata ta musamman kuma Mama ta cancanta to a nema mata, ba don wannan ranar kaɗai ba har zuwa asibiti zai yi amfani, amma yana ɗaukar lokaci kafin ya fito. Shi ma ba ko'ina yake aiki iri ɗaya ba, a Birtaniya misali shuɗin katin nasu ba ya ba da cikakken sauƙin a wasu unguwannin tsakiyar Landan kamar Westminster da Kensington, su suna da nasu tsarin. Kuma kar a ari na wani, laifi ne babba, ana ƙwacewa a ci tara, ga haƙƙin wanda aka tare wa wuri.

Sai a yi hattara da 'yan damfara a injin biya. Yanzu suna manna sitikar lambar QR ta bogi a jikin injin, kina ɗauka da waya ta kai ki shafin da ya yi kama da na gaske ki zuba bayanan katinki, kuɗi su tafi sannan ki dawo ki tarar da tara don ba ki biya fakin ba. Ki biya da kati a jikin injin kai tsaye ko ki sauke manhajar da sunanta ke kan allon hukuma da kanki. Wanda kuma ya tare ki a titi yana nuna miki wuri yana cewa ki ba shi ya kula da mota babu riga babu rasit, kuɗin da kika ba shi ba zai hana a ja motar ba in wurin haramtacce ne. Jaka da waya da duk wani abu ki sa su a but tun daga gida, ba sai kin isa wurin kowa na kallo ba.

Maman_Uku ta rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban san ana aron keke ba sam, gobe zan kira su insha Allah. Saura tambaya ɗaya da ba a taɓa ba, biyan kuɗin wuri tun daga gida a manhaja, in yi ko in bari sai na je?

Tsohon_Direba ya rubuta:

Ki yi Hajiya, musamman tunda lokacin hutu ne. Irin su Parkopedia suna nuna miki garejin da ke kewaye da farashinsu ki kwatanta, JustPark a Birtaniya da SpotHero a Amurka kuma ana kama wuri a ciki, kuma sau da yawa ya fi sauƙi a kan wanda ya zo bakin ƙofa, tunda gareji ya fi son ya sayar da gurbin da rangwame da ya bar shi babu kowa. Amma ki kalli jimillar ƙarshe bayan sun ɗora kuɗin hidimarsu, ki kwatanta da shafin garejin kansa, wani lokacin can ya fi araha.

Ki kama lokaci mai yalwa, in kina tunanin awa huɗu ki sayi shida, domin abin da ya wuce lokacin da kika saya da farashin bakin ƙofa za su caje shi. Lambar motar ki rubuta ta daidai harafi da harafi, ita kyamara take karantawa ta ɗaga shingen. Kuma yawanci shiga ɗaya ce fita ɗaya, saboda haka ki fara sauke su Mama kafin ki shiga garejin, in kika shiga kika fita don kai su ƙofa tikitin ya mutu. In motarki doguwa ce ko akwai akwati a samanta ki duba tsayin ƙofa, garejin ƙarƙashin ƙasa da yawa mita 2 ne ko ƙasa da haka.

In kin ajiye ki ɗauki hoton hawa da lambar gurbin da sunan titin da kika fito ta kansa, manyan garejin nan ƙofofinsu suna da yawa. Ki tambayi mai gadin ƙarfe nawa suke rufewa, ba kowanne ne yake kwana a buɗe ba, wasu na ofisoshin nan da na ce miki suna araha ranar hutu da wuri suke kulle ƙofa, in aka kulle da motarki a ciki sai washegari kuma da kuɗin kwana.